Me ya sa laka ke tafiya a dunƙule cikin kwata?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da lakar damina a kwatocin garin Marwa na Kamaru ke tafiya a dunƙule. Laka mai kauri ba ta motsi sai turin da ke kanta ya wuce wani mizani, kamar kunun da ya huce a kwano: ka ɗan karkata shi, ko gezau. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Eugene Bingham, ya bayyana wannan hali a 1916. A kwata, gurzar da laka ke yi da jikin kwatar ta fi ƙarfi a ƙasa da gefe, can lakar ke sakin jiki, saman tsakiya kuwa ya tafi kamar faifai. Sai gudu ya yi tsanani sannan hargitsi, wato birkicewar kwararar, ya farfasa dunƙulen, kuma yakan makara fiye da a ruwa zalla.