Hukuncin Cin Bashin Banki Don Sayen Gida A Ƙauyen Holand

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a birnin Rotterdam na ƙasar Holand da matata da yara uku, a gidan haya ɗaki biyu da falo. Yarjejeniyar hayarmu ba ta da wa'adi, amma wurin ya yi mana kaɗan. Na samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Eemshaven, can arewacin Groningen, kuma na ga gida mai ɗaki huɗu da lambu a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Het Hogeland, a kan Yuro 230,000. Muna da Yuro 140,000, a ciki har da 40,000 na matata da ta gada wajen mahaifinta. Mai gidan dattijo ne, zai koma wurin 'yarsa, ya ce shi ba sauri yake yi ba. Banki ya yarda ya ba ni cikon 90,000 da ruwa, in biya cikin shekara 30. Wani abokina ya ce malaman Turai sun halatta wannan. Dillali kuma yana matsa mini in sa hannu a makon nan. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya tun alƙalami bai taɓa takarda ba. Wannan bashi na Yuro 90,000 bai halatta gare ka ba. Ayoyin haramcin riba na ƙarshen Suratul Baƙara ka san su, ba sai na karanto maka ba. Ciniki da wanda ba Musulmi ba halal ne. Jinginar da gida ma halal ne, Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude. Ƙarin da banki zai ɗora a kan bashin shi kaɗai ne matsalar.

Abin da ya yanke hukunci yana cikin wasiƙarka, kai da kanka ka rubuta shi ka wuce. Ka ce hayarku ba ta da wa'adi, ka kuma ce mai gidan ba sauri yake yi ba. Wanda babu mai korarsa daga inda yake kwana, kuma ƙofar halal tana buɗe a gabansa bai ko ƙwanƙwasa ba, ba a kiransa wanda larura ta kama.

Maganar abokinka tana da asali, don haka ba zan yi mata ɗaukar wasa ba. Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, mai mazauni a Dublin, ta fitar da fatawa a shekarar 1999 ƙarƙashin jagorancin Shaihi Yusuf al-Ƙardawi, Allah ya jiƙansa, inda ta yi rangwame ga Musulmin Turai ya ci irin wannan bashi don gidan da zai zauna a ciki. Malamai ne masu daraja, sun duba ƙuncin mutane ne, muna fatan Allah ya ba su ladan ijtihadinsu. Amma ni ban ga ƙarfin wannan ra'ayi ba, kuma ko da na gani, kai ba ka shiga cikinsa ba.

Fatawar ta zo da sharuɗɗa, waɗanda masu yaɗa ta a majalisun hira ba sa ambata. Sai gidan ya zama na zamanka, ba ka da wani, ba ka da dukiyar da za ta saya maka shi, kuma ba ka sami wata hanya ta halal ba. Mutumin da ke riƙe da fiye da rabin kuɗin gida a hannu, ga mai sayarwa yana cewa ba ya gaggawa, yaya zai ce hanya ta toshe? Ko masu fatawar ne ka kai wa wasiƙarka, ina kyautata zaton tambayar farko da za su yi maka ita ce: ka yi magana da dattijon?

Dogaronsu na farko shi ne ƙa'idar da ke cewa buƙata tana iya hawa matsayin larura. Ƙa'idar gaskiya ce, da ita aka halatta cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, da makamantansa. Sun ƙara da cewa cin riba shi aka haramta don kansa, bayar da ita kuwa an haramta ne don toshe hanya, don haka buƙata na iya buɗe shi. Amsar wannan tana cikin hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito. Bayan an la'anci mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu, sai Manzon Allah (SAW) ya ce duk daidai suke. Inda nassi ya daidaita, ba mu da ikon mu rarrabe. Sannan mece ce buƙatar? Buƙatar ɗan Adam ita ce matsuguni, rufin asirin kansa da iyalinsa. Mallakar takardar gida kamala ce a kan wannan. Kuma ƙasar da kake ciki tana daga cikin inda doka ta fi kare ɗan haya: mai gida ba ya fitar da kai don ya ga dama, sai da dalilin da doka ta sani, kuma in ba ka yarda ba sai alƙali ya yanke. Wannan ba irin hayar da muka sani ba ce, wadda ake ba mutum wa'adin wata uku ya kwashe kayansa.

Dogaro na biyu shi ne abin da aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad bin Hasan, cewa babu riba tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba a ƙasar yaƙi. A nan ne raunin ya fi bayyana. Hadisin da aka kafa hujja da shi mursali ne daga Makhul, wato tabi'i ne ya ruwaito shi bai ambaci sahabi ba, Imam Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, bai bi malaminsa a wannan ba, haka Malik da Shafi'i da Ahmad. Su kansu malaman Hanafiyya da suka yi sharhi, irin su Ibnul Humam, sun bayyana cewa maganar tana kan inda Musulmin ne zai karɓi ƙarin. Kai kuwa kai ne za ka riƙa biya, wata bayan wata, shekara 30. An ɗauko ra'ayin an juya shi baibai. Ƙari a kan haka, ka shiga Holand da biza, kana zaune da takardar izini, 'ya'yanka na makarantunsu, maƙwabtanka sun amince da kai. Ba daidai ba ne mu kira ƙasa ta aminci idan muna neman haƙƙinmu, mu kira ta ta yaƙi idan muna neman rangwame. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta duba wannan mas'ala ta bashin gidaje, ta ce mai ruwa haramun ne komai ƙanƙantar ruwan, ta kuma nuna hanyoyin halal, ciki har da sayarwa a biya kashi-kashi.

Akwai hujja ta uku wadda ba ta malamai ba ce, ta 'yan lissafi ce, kuma na san ita ta fi damunka. Ana cewa kuɗin haya asara ne, kuma gwamnatin Holand tana rage wa mai bashin gida haraji gwargwadon ruwan da yake biya. Ba zan ƙaryata ba, tsarin ƙasar ya karkata ga mai cin bashi, wanda ya ƙi ci yana iya rasa wani abu a aljihu. Amma rasa riba daban, cutuwa daban. Shari'a tana ɗauke cuta, ba ta yi alkawarin cewa halal zai fi araha kullum ba.

To, ga abin da nake ba ka shawara. Ka je wurin dattijon nan da kanka, ko da dillali zai ji haushi. Ka ba shi abin da ke hannunku, ragowar ka biya shi kashi-kashi cikin shekarun da kuka yi ittifaƙi. Idan ya ce saboda jinkiri gidan ya zama Yuro 245,000 maimakon 230,000, wannan halal ne a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai, muddin an tsayar da farashi ɗaya tun farko kuma ba zai ƙaru ba idan ka makara. Ya riƙe gidan a matsayin jingina har ka gama, notaris, wato lauyan da doka ta ba ikon rubuta takardun mallaka da tabbatar da su, ya rubuta, a shigar a rajistar filaye ta Kadaster, hankalinsa da na 'yarsa ya kwanta. Ka karanta daftarin da kyau, domin bisa al'ada ana saka ruwan jinkiri a irin waɗannan takardu, sai ka nemi a cire. Idan ya ƙi, akwai rance marar ruwa daga 'yan'uwa da abokai, a rubuce da shaidu, tare da tambayar notaris yadda hukumar haraji ke kallonsa. Idan wannan ma bai samu ba, ka nemi gidan da ya yi daidai da kuɗinku, ko ka kama haya a yankin ka ci gaba da tari.

Ka kuma sake lissafinka. Giɓin ya wuce 90,000. Akwai harajin sauya mallaka, kashi 2 cikin 100 ga wanda zai zauna a gidan, wato Yuro 4,600, sai dai idan shekarunka ba su kai 35 ba ka cancanci yafiya. Akwai kuɗin notaris da na ƙaura. Matsin dillali kuwa kada ya ruɗe ka. Bayan sa hannu doka ta ba mai saye kwana uku kacal ya janye ba tare da dalili ba. In sun wuce ka kasa cikawa, tarar da aka saba rubutawa kashi 10 cikin 100 ce ta farashin gida, Yuro 23,000 ke nan. Mutane da yawa a nan suke faɗawa hannun banki, sai su ce larura ce, alhali su suka ɗaure kansu.

Yanzu bari in yi maka maganar da ba ka tambaya ba. Yuro 40,000 ɗin nan na matarka ne, gadon mahaifinta, ba ka da haƙƙin ko sisi a ciki sai da daɗin ranta. A wasiƙarka ban ga inda ka ce ta yarda ba, ban ma ga inda ka ce ta je ta ga ƙauyen ba. Idan ta saka kuɗinta, a fayyace rance ne ko tarayya, kuma in tarayya ce a rubuta kasonta da sunanta a takardar gida. Kai za ka fita aiki da safe ka haɗu da mutane. Ita ce za ta wuni a ƙauyen da watakila babu mai amsa mata sallama, bayan ta baro Rotterdam mai masallatai da kantunan nama na halal. Ka saurare ta sosai, ba sauraron cika sharaɗi ba.

Sannan ka tambayi kanka me ya sa gidan ya yi wannan arahar. Nisa daga manyan birane na ciki, amma yankin arewacin Groningen ya sha girgizar ƙasa saboda haƙar iskar gas da aka gano a Slochteren a 1959. Mafi ƙarfinta ita ce ta Huizinge a watan Agusta na 2012, mai maki 3.6, kuma dubban gidaje sun tsattsage. An dakatar da haƙar a 2023, amma aikin biyan diyya da ƙarfafa gine-gine bai ƙare ba. Ka ɗauki masanin gini ya duba harsashi da bango, ka tambaya ko an taɓa biyan diyya a kan gidan, da ko an yi gyaran da aka biya dominsa. Ɓoye aibi haramun ne ga mai sayarwa, amma kai ma ba a yarda ka jefa dukiyar iyalinka ido rufe ba.

Batun Juma'a mai sauƙi ne a hukunce. A mazhabarmu ta Malikiyya tana wajaba ga wanda ke cikin kimanin mil uku daga masallacin, don haka mazaunin irin wannan ƙauye Azahar ce a kansa. Sai dai ba na so ka yi murna da wannan sauƙi. Jirgin ƙasa yana bi ta Winsum da Warffum da Uithuizen zuwa birnin Groningen inda akwai masallatai, ka ɗaura wa kanka zuwa, ka riƙa ɗaukar yaran. Uba da ya girma a cikin kiran salla yana iya jure shekaru babu jam'i, ɗan da bai taɓa ganin sahu ba kuma fa? Kafin ka sayi gidan ka san wanda zai koya musu Alƙur'ani, ranar da za a yi, da wurin da za a yi. Idan ba ka da amsar wannan, ƙarancin ɗaki ya fi sauƙin magani. Shi ya sa na fi son ka yi shekara guda kana haya a can, ku ga sanyin hunturu da kaɗaicinsa, sannan ku yanke shawara.

Kuɗin da kuka tara don gida akwai zakka a kansu duk shekara, kowa a kan nasa, niyyar saye ba ta kayar da ita. Ruwan da banki ya zuba a asusun ajiyarku ku fitar da shi ga mabukata ba da niyyar sadaka ba. Idan kuma Allah ya nufa ka mallaki gida a can, ka rubuta wasiyya wurin notaris tun da wuri. Dokar gado ta Holand, in mutum bai bar wasiyya ba, mata da 'ya'ya take ba wa, iyaye ba sa samun komai. In mahaifiyarka ko mahaifinka na raye a gida, kowannensu yana da sudusi a abin da ka bari, kuma babu wanda zai kai musu shi idan ba ka rubuta ba.

Allah ya hore maka gida na halal, ya shirya maka zuriya. Allah ne mafi sani.