Tambaya da Amsa: Haɗa damin katin Magic da kuɗi kaɗan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son fara wasan kati na Magic: The Gathering, amma aljihuna ba nauyi. In riƙa sayen fakitin da ke rufe ne har in tara kati, ko akwai hanya mafi sauƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka bar fakitin da ke rufe tukuna. Ba ka san abin da ke ciki ba, kuma sai ka buɗe da yawa ba ka dace da huɗu na katin da kake nema ba. Fara rubuta jerin kati 60 na daminka, wato tarin katin da za ka yi wasa da shi, a takarda, sannan ka saye su ɗaya-ɗaya.

Ka shiga ta tsarin da ake kira Pauper, inda ba a yarda da kowane kati ba sai wanda aka taɓa bugawa a rukunin gama-gari. Katunansa ba sa fita daga yayi kamar na tsarin Standard, don haka abin da ka saya bana zai yi maka aiki baɗi. Sai dai ka duba jerin katunan da kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya haramta kafin ka biya.

Sannan, da yake katunan wasan sun kasu launi-launi, ka tsaya a launi ɗaya. Wajen haɗa launuka ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Dami mai launi biyu yana buƙatar katunan ƙasa (su ne ke samar da "mana", wato kuɗin cikin wasa da ake biya don sauke kati) masu ba da launi biyu. Nagartattun suna da tsada, masu arahar kuwa galibi a kwance suke shigowa, ba ka amfana da su sai zagaye na gaba. Ga dami mai gaggawa wannan jinkirin asara ce. A ganinmu ja ya fi dacewa da sabon shiga: katin ƙasa Mountain 18 zuwa 20, halittu kamar 20 masu farashin mana ɗaya ko biyu, sauran kuma katunan hari. Lightning Bolt na cin mana ɗaya ya yi ɓarnar maki 3, alhali abokin karawa da rai 20 yake farawa. Fireblast na yin ɓarnar 4, kuma za ka iya sadaukar da Mountain biyu maimakon biyan mana. Shi ajiye shi ake yi don bugun ƙarshe, wanda ya yi garajen sauke shi da wuri ya karya kansa.

Tambaya: Damina na da katin ƙasa 16, kuma akwai manyan halittu masu cin mana huɗu da biyar. Kullum suna maƙale a hannuna. Rashin sa'a ne?

Amsa: Ba sa'a ba ce, lissafi ne. Da ƙasa 16 cikin 60, a kati bakwai na farko abin da za ka samu a matsakaici bai kai biyu ba. Da 24 kuwa yana kusan uku. Tunda ƙasa ɗaya ake saukewa a kowane zagaye, dami mai manyan halittu yana son 23 ko 24. Ko ka ƙara ƙasa, ko ka cire manyan. Idan kuma hannun farko ya zo da ƙasa ɗaya tak, mayar da shi. Ƙa'idar da aka fara a 2019 ta ba ka damar sake jan bakwai, ka tura ɗaya ƙarƙashin dami.

Tambaya: Ina da katuna masu kyau da yawa, na kasa rage su, damin ya kai 72, kowanne ɗaya ko biyu. Akwai laifi?

Amsa: Doka ba ta hana ba, 60 shi ne mafi ƙaranci. Amma kana cutar kanka. Katin da ka sa guda huɗu cikin 60, damar ganinsa a hannun farko kusan kashi 40 cikin ɗari ce, in guda ɗaya ne bai kai kashi 12 ba. Zaɓi katuna goma mafi amfani, ka sa huɗu-huɗu, ka cike da ƙasa 20. Ragowar da ke maganin wani dami na musamman ka sa su cikin kati 15 na gefe, waɗanda ake musanyawa tsakanin wasa da wasa.