Filin Tambaya da Amsa: Maigidana Ya Yi Ritaya, Amma Hankalinsa Yana Ofis

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya yi ritaya bara bayan ya cika shekara 35 yana aiki a wata ma'aikata da ke Sakatariyar Tarayya. Alhamdu lillahi muna zaune a gidanmu na kanmu, yara sun girma suna taimakawa, fanshonsa kuma ya fara shigowa. Amma tun daga lokacin ya sauya. Bayan sallar asuba sai ya yi wanka, ya sa manyan kaya, ya zauna a falo, ba ya son hira, abu kaɗan sai faɗa, kuma kullum maganarsa ita ce ba shi da sauran amfani. Shin rabuwa da aiki na iya yi wa mutum haka alhali ba ya cikin rashi? Daga wata mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙwarai kuwa yana iya yi, kuma masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin irin matsayin da aiki ke riƙewa a rayuwar mutum. A shekarar 1955, wasu masu bincike biyu a Amurka, Nancy Morse da Robert Weiss, sun tambayi maza ma'aikata ko za su ci gaba da aiki idan suka gaji dukiyar da za ta ishe su har ƙarshen rayuwa, sai kusan kashi 80 cikin 100 suka ce za su ci gaba. Wannan ya nuna cewa akwai abin da mutum ke samu a wurin aiki wanda albashi bai ƙunsa ba, saboda haka fansho ma ba zai maye gurbinsa ba.

Binciken da ya fi dacewa da halin Alhaji shi ne na ƙauyen Marienthal da ke ƙasar Ostiriya, inda masaƙar da kusan kowa ya dogara da ita ta rufe tsakanin 1929 da 1930. Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel sun yi nazarin mutanen garin, suka fitar da sakamakon a 1933. An yi tsammanin mazan da suka sami lokaci mai yawa za su ƙara karatu da shiga harkokin jama'a, amma sai aka ga akasin haka: aron littattafai a ɗakin karatu ya ragu ƙwarai duk da cewa an soke kuɗin aro, ƙungiyoyi suka yi sanyi, har tafiyar maza a kan titi ta koma ta sanyin jiki, suna yi suna tsayawa. Matan garin kuwa ba su rasa lissafin lokacinsu ba, domin girki da wanki da hidimar yara suna nan suna jiran su. Ina ganin wannan ne dalilin da ya sa ke, da ranarki ke cike da hidima, kike mamakin abin da ke damun sa.

Daga baya Jahoda ta bayyana cewa, ban da kuɗi, aiki yana tsara wa mutum lokacinsa, yana haɗa shi da mutanen da ba danginsa ba, yana sa shi cikin wata manufa da ta fi ƙarfin shi kaɗai, yana ba shi suna da matsayi, kuma yana tilasta masa motsi a kai a kai. Ranar da Alhaji ya miƙa makullan ofis, duk waɗannan sun tafi a lokaci guda. Wankan safe da manyan kayan da kike gani ƙoƙari ne na riƙe tsarin da ya saba da shi, kuma bai kamata a yi masa dariya a kai ba.

Sai dai ba kowa ne aiki ke zama masa ginshiƙin rayuwa ba. Robert Dubin ya gano a 1956 cewa kusan uku cikin huɗu na ma'aikatan masana'antun da ya tambaya ba su ɗauki wurin aiki a matsayin abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsu ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe takwas, aka wallafa a 1987, ya nuna cewa mutanen Japan ne suka fi ba aiki muhimmanci, na Birtaniya kuma suka zo ƙarshe, sannan a yawancin ƙasashen iyali ne ke gaba da aiki. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu, don haka ba zan ɗora sakamakon a kan Bahaushe kai tsaye ba. A garuruwanmu na asali, masallacin unguwa da majalisa da zumunci suna ɗauke wa dattijo mafi yawan wannan nauyi. Abuja kuwa, a ganina, lamarinta daban ne, domin gari ne da aikin gwamnati ya tara mutanensa, musamman tun da aka mayar da babban birni nan a Disamban 1991, kuma idan aka haɗu da baƙo, tambayar da ke biyo bayan gaisuwa ita ce a ina yake aiki. Wanda ya yi shekaru da dama yana amsa wannan tambaya da sunan ma'aikata, dole ya ji nauyinta ranar da ba shi da amsa.

Akwai abin kwantar da hankali. Wani bincike da Mo Wang ya wallafa a 2007 a kan masu ritaya a Amurka ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 ba su ga wani babban sauyi a kwanciyar hankalinsu ba, kusan kashi 25 kuma sun shiga ƙunci da farko amma suka farfaɗo daga baya. Shawarata ita ce ku daina ce masa ya huta ya ci gajiyar wahalarsa, domin kunnensa yana jin hakan ne a matsayin an gama da shi. Abin da yake bukata shi ne hidimar da ke da rana da lokaci, wadda idan bai je ba za a neme shi, kamar riƙe lissafin makarantar Islamiyya, ko shiga kwamitin masallaci, ko kula da 'yar gona a wajen Bwari. Zai fi kyau wani aboki da yake jin nauyinsa ya roƙe shi, maimakon shawarar ta fito daga bakinki. Idan kuma kika ga barcinsa da cin abincinsa sun lalace fiye da mako biyu, ko ya fara cewa gara ma ya mutu, to ku kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba, domin ciwon damuwa yana da magani.

Tambaya: Ni matashi ne mai aiki a wani banki. Nakan bar gida kafin gari ya waye saboda cunkoson hanya, ba na dawowa sai bayan isha'i, kuma ko a ranar hutu tunanina yana kan aiki. Mahaifiyata ta ce na mayar da aiki uwa da uba. Laifi ne mutum ya so aikinsa? Daga wani mai karatu a Nyanya, Abuja.

Amsa: Ba laifi ba ne, ɗan'uwa, kuma bincike ya nuna cewa waɗanda ke ba aiki muhimmanci sun fi jin daɗinsa, sun fi kuma daɗewa a cikinsa. Amma maganar Mama tana da tushe. Wani nazari da Frances McKee-Ryan da abokan aikinta suka yi a 2005, inda suka tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa idan aka rasa aiki, waɗanda suka jingina darajarsu a kansa su ne suka fi shiga damuwa, kuma ka fi ni sanin yadda ake rage ma'aikata a bankuna. Ta fuskar lafiyar jiki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun sanar a 2021 cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da mai aikin awa 35 zuwa 40.

Ka bambanta tsawon lokacin da ofis da hanyar Nyanya suka tilasta maka, wanda ba ka da iko sosai a kansa, da tunanin aikin da ke bin ka har gida ranar Asabar. Idan ka zauna da Mama na awa guda sai ka ji kamar ka yi laifi don ba ka duba saƙonnin ofis ba, wannan ba son aiki ba ne kawai, alama ce ta cewa ya fara mallakar ka. Ka fara da ware yinin Lahadi, ka ajiye wayar ofis, ka kuma sanar da shugabanka tun da wuri cewa sai abin gaggawa ne za a same ka a ranar.