Za a kwantar da Baba kan ciwon ciki, me za mu shirya?

Malam, ka ce mahaifinka wata uku yana amai da rama, daga Ringim an tura ku Asibitin Malam Aminu Kano a kwantar da shi don bincike. Allah ya ba shi lafiya.

Ku tafi da duk maganin da ya sha, har jiƙo da sassaƙe, don wasu suna taɓa hanta. In za a zura masa na'urar leƙa ciki ta baki, kada ya ci komai na awa 8 kafin a zura, ko da koko ne. In da abinci a ciki likita ba zai gani ba, sai a ɗage ranar. Omeprazole, wani maganin gyambon ciki, yakan ɓoye ƙwayar cutar gyambon ciki a gwajin bayan gida, shi ya sa likita kan dakatar da shi mako 2 kafin gwajin. Bayan gida baƙi kamar kwalta alamar jini ce, ku faɗa wa nas nan take.