Tambaya da Amsa: Ina Tony Romo ya shige?

Tambaya: Salam Malam, don Allah wai ina Tony Romo na Dallas Cowboys, ƙungiyar wasan ƙwallon Amurka (American football), ya shige ne, mun daina ganinsa a fili?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai Romo ya ajiye wasa tun 2017, ya ji ciwo a baya a 2016 sai matashi Dak Prescott ya karɓi gurbinsa na mai jefa ƙwallo da jagorantar hari, ya kuma riƙe gam. Shi Romo, mutumin da ko a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2003 ba ƙungiyar da ta kula shi fa! Yana barin fili gidan talabijin na CBS suka ɗauke shi sharhin wasanni tare da mai sharhi Jim Nantz, kuma gaskiya ya iya, sau tari yakan faɗi dabarar da za a buga tun ba a buga ba, a 2020 suka sabunta kwantiraginsa kan wajen dala miliyan 17 a shekara.