Shuka itace: kuɗin kabon ko kuɗin katako?

Tambaya: "Ina sayar da katako da sandunan gini, kuma ina da fili hekta 5 a ƙauye. An ce mini Turawa na biyan masu shuka itace saboda sauyin yanayi. In zuba jarina?"

Alhaji, ka zuba, amma ka gina lissafinka a kan sanda da katako. Kuɗin kabon, wato wanda aka ce maka Turawa na biya, gaskiya ne: kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska, kuma yana nan a daskare muddin katakon na rufin ɗaki ko jikin ƙofa. Sai dai rajista da awo da masu zuwa tantancewa suna cin kuɗin da hekta 5 ba za ta mayar ba, kuma yarjejeniyar kan ɗaure fili shekaru da dama. Sai an haɗa manoma masu yawa a ƙungiya ɗaya take yin riba. Wanda ya ce ka biya kuɗin fom tukuna, ka rabu da shi.

Ga inda ribar take. Itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, in ka ba shi tazarar mita 2 kowace fuska, hekta ɗaya na ɗaukar 2,500. A mita 3 kuwa, kimanin 1,100. Ƙaramar tazara don sanda ce, babba don gungume. Kada ka shuka filin gaba ɗaya. Raba shi biyar, hekta ɗaya kowace shekara, ta yadda in sara ya fara, wajen shekara ta biyar ko ta shida, kowace shekara kana da abin kaiwa kasuwa. Kututturen yana sake tohowa. Ka bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka cire sauran.

Asara a shekara biyun farko take. Gara na cin saiwar dashe, awaki na tattake shi, gobarar rani kuma na cinye aikin shekaru a yini guda. Ka yi dashe bayan ruwa ya zauna, ka tanadi ƙarin dashe na cike gurbi, ka share hanyar wuta kewaye da filin kafin hunturu. Kuɗin shinge da mai gadi su shiga lissafi tun farko, don su ne mutane suka fi mantawa. Turare na shan ruwa sosai, kada ya kusanci rijiya ko fadamar maƙwabta. A busasshen tudu darbejiya ta fi jurewa.

Ka kuma gyara takardun filin. Dokar Tarayyar Turai kan sare daji ta shafi katako da gawayin da ake shigarwa ƙasashenta: tana neman a nuna wurin da aka sare su a taswira, da shaidar cewa ba a share daji a wurin ba bayan 31 ga Disamba, 2020. Madobiya kuwa, tun 2017 take cikin jerin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kada ka saye ta da niyyar fitarwa waje babu izini.