An killace mana fadamar gari, me doka ta ce?

Tambaya: Barista, ni manomi ne a wani ƙauye da ke yankin fadamar Haɗeja. Tun kaka da kakanni muke noman shinkafa a fadamar garinmu, in ruwa ya janye mu yi lambu, masunta su yi su, Fulani su shayar da shanu. Bana sai ga wani attajiri ya kafa waya ya killace fiye da rabinta, ya kuma datse hanyar ruwa da buhunan ƙasa. Ya ce dagaci ya ba shi haya, wai har da takarda. Muna da mafita?

Amsa: Malam, kuna da ita, amma kada kowa ya taɓa wayar nan. Ranar da matasanku suka tsinke ta, ranar za a manta da maganar fadama a koma maganar ɓarna da shiga gonar wani, ku masu gaskiya ku kwana wajen 'yan sanda.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ba ta ba dagaci ko hakimi ikon sayarwa ko jinginar da filin jama'a ba. Shi mai kula ne, kuma a al'adance ma ba ya bayar da filin gari sai da yardar masu shi. Sashe na 36 shi ne garkuwarku: filin karkara da ake nomawa lokacin da dokar ta fara aiki, masu nomansa za su ci gaba da riƙe shi tamkar ƙaramar hukuma ta ba su izini, ko da ba su da ko fallen takarda.

Don haka aikin farko shi ne ku gano wace irin takarda ce a hannun mutumin. In yarjejeniya ce kawai tsakaninsa da dagaci, ba ta da ƙarfi, domin sashe na 21 ya hana miƙa irin wannan haƙƙi ba tare da amincewar hukuma ba. In ta ƙaramar hukuma ce, sashe na 6 ya ba ta ikon bayar da filin noma har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000, abin da ya haura haka sai gwamna ya yarda. In kuwa takardar mallaka ce daga gwamna, shari'ar ta fi nauyi amma ba ta mutu ba. Kotun Ƙoli, a shari'ar Dantsoho da Mohammed ta 2003, ta tabbatar cewa ba a ba wani filin da ke da mai shi sai an fara soke haƙƙin na farko bisa ƙa'ida. Sokewar kuma, a sashe na 28, sai don amfanin jama'a, kuma sai an kai muku sanarwa a rubuce. An kawo muku? In ba a kawo ba, nan lauyanku zai fi kafa ƙafa.

Kada a ruɗe ku da diyya. Sashe na 29 yana biyan abin da aka yi a kan ƙasa ne, kamar amfanin gona da gini da rijiya. Kifin da za a kama baɗi da ciyawar rani ba sa cikin lissafi, alhali su ne rabin arzikin fadama.

Masunta da makiyaya ba su da ƙarfi sosai a sashe na 36, tunda noma ya ambata. Nasu yana cikin Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda ta ba kowa damar ɗibar ruwan sha da shayar da dabbobi kyauta a ruwan da jama'a ke iya kaiwa gare shi, da kamun kifi in bai saɓa wata doka ba. Datse ruwan nan ku kai ƙararsa a rubuce ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Yankin da tuni madatsun Tiga da Challawa suka sauya masa ambaliya, ciyawar ruwa ta kachala kuma ta toshe magudanai, ba ya buƙatar ƙarin mai tare ruwa. In filin da ake shirin busarwa ya kai hekta 100, dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike tun kafin a fara aikin.

Wasu za su ce muku ai tafkin Nguru da dausayin Baturiya suna cikin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayi. Haka ne, kuma ambatonta yana ƙara wa takardar koke kwarjini. Sai dai sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulki ya ce yarjejeniyar ƙasashen waje ba ta zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, saboda haka kada ku jingina shari'arku a kanta.

Shawarata ku fara da masarauta da shugaban ƙaramar hukuma, a rubuce, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ku ɗauki hoton wayar da datsiyar, ku nemi dattawan da suka san iyaka tun kafin 1978, ku tattara duk wani rasit na haraji ko na kamun kifi. In an yi wata guda ba motsi, ku je Babbar Kotun jiha. Mutum uku ko huɗu za su iya shigar da ƙara a madadin gari, su nemi umarnin dakatar da aiki har a gama shari'a. Ku hanzarta, domin in ya riga ya zuba kuɗi ya yi shuka, alƙali kan yi nauyin hannu wajen tsayar da shi. In kuɗin lauya ya gagara, ku tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Abin da ya fi kayar da irin wannan ƙara shi ne rabuwar kai. Lauyan attajirin zai nemi manomi biyu su ce da yardarsu aka yi, ko ya ja makiyaya gefe da alkawarin mashaya. Tun kafin ku shiga kotu, ku zauna da sarkin ruwa da arɗo da sarkin noma da matan da ke sana'ar kaba, ku rubuta ƙa'idar fadamar: ranar buɗe kamun kifi, girman idon koma, inda burtali ya bi, lokacin da shanu za su shiga bayan girbi, da wanda zai jagoranci gayyar yanke kachala. Kowa ya sa hannu, ku kai wa ƙaramar hukuma, ku nemi ta ba ku takardar filin da sunan al'umma.